Filin jiragen sama na Heathrow da haƙƙin maƙwabtaka

A watan Janairun shekarar 2025 ne ministar kuɗin Birtaniya Rachel Reeves ta ba da sanarwar cewa gwamnati na goyon bayan shimfiɗa titi na uku na sauka da tashin jirage a filin jiragen sama na Heathrow da ke yammacin birnin Landan. Wannan sanarwa ta sake tayar da wata tsohuwar muhawara, wadda aka shafe fiye da shekaru 20 ana tafkawa, dangane da irin alhakin da ya rataya a wuyan kamfanonin da ke tafiyar da filayen jiragen sama, musamman game da jama'ar da ke maƙwabtaka da su da kuma yanayin duniya baki ɗaya.

Shi dai filin na Heathrow, wanda ya fara karɓar jiragen fasinja a shekarar 1946, sunan wani ɗan ƙauye ya gada, wanda aka rushe a shekarar 1944 domin a samu sararin gina shi. A shekarar 2024 fasinjoji kusan miliyan 84 ne suka bi ta cikinsa, kuma duk wannan hada-hada a kan titi biyu kacal ake yin ta, inda a lokacin cunkoso akan samu jirgi ya sauka ko ya tashi cikin kowace daƙiƙa 45. Mutane fiye da dubu 70 ne ke samun abin masarufi a harabar filin, kama daga matuƙa jirage da jami'an kwastan zuwa masu shara da masu ɗaukar kaya. Wannan ita ce babbar hujjar da kamfanin da ke da filin yake kafawa a duk lokacin da aka tayar da maganar faɗaɗa shi, wato guraben aiki da ciniki da ƙetare.

Sai dai kuma ga mazauna unguwannin Hounslow da Richmond da sauran yankunan da jirage ke bi ta kansu, ba abin da ya fi damunsu kamar ƙara. Da yake jirgi iska yake fuskanta a lokacin sauka, kuma galibi daga yamma iskar wannan yanki take kaɗawa, akasarin jiragen sai sun ratsa ta kan birnin Landan kafin su kai filin. Wani ƙiyasi da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Birtaniya ta taɓa bayarwa ya nuna cewa mutane fiye da dubu 700 ne ƙarar ke addaba, adadin da babu wani filin jirgi a nahiyar Turai da ya kai shi. Gwamnati ta ƙayyade sauka da tashi 5,800 a shekara tsakanin ƙarfe 11:30 na dare da 6 na safe, wato kimanin jirage 16 a kowane dare, kuma yawancinsu tun daga ƙarfe 4:30 na asuba suke fara sauka, bayan sun kwana a sama daga birane kamar Hongkong da Singafo da Johannesburg da Legas. Ke nan fasinjan da ke murnar isowa da wuri domin ya ci moriyar yininsa, shi ne ke katse barcin wanda ke kwance a ƙasa, ba tare da ɗayansu ya san ɗaya ba.

Batun kuwa ya wuce na rashin jin daɗi kawai. A shekarar 2013 masu bincike daga jami'ar Imperial College ta Landan sun nazarci bayanan lafiyar mutane miliyan 3.6 da ke zaune a kewayen filin, inda suka gano cewa a unguwannin da ƙara ta fi tsanani, yawan waɗanda ake kwantarwa a asibiti ko suke mutuwa sakamakon ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya ɗara na sauran unguwanni da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, ko da yake masanan sun yi gargaɗin cewa akwai wasu dalilan da ka iya taka rawa. Kafin haka, a shekarar 2005, wani binciken da aka gudanar a makarantun da ke kusa da filayen jiragen Landan da Amsterdam da Madrid ya nuna cewa yaran da ke karatu cikin ƙarar jirage kan yi jinkirin fahimtar abin da suka karanta. Wasu mazauna yankin sun kai ƙarar gwamnati gaban kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a kan jiragen dare, suka kuma yi nasara a shekarar 2001, amma babban zauren kotun ya soke mafi yawan hukuncin a shekarar 2003.

A nasa ɓangaren kamfanin Heathrow yana da jerin matakan da yake nunawa a matsayin shaidar cewa yana sauke nauyin da ke kansa. Da ƙarfe 3 na rana akan sauya titin da jirage ke sauka a kai, ta yadda wata unguwa za ta ɗan sarara yayin da wata ke karɓar nata rabon. Kamfanonin jiragen da ke amfani da tsofaffin injuna masu ƙara suna biyan kuɗin sauka fiye da na saura. An sanya wa dubban gidaje tagogi masu hana shigar ƙara, kuma tun shekarar 2017 filin ya shiga sahun ma'aikatun da suka amince da biyan albashin da aka ƙiyasta zai iya riƙe mutum a birnin Landan. Har ila yau kamfanin ya biya kuɗin gina wasu ƙananan ɗakuna masu siffar rumbu, waɗanda aka yi da buhunan ƙasa aka shafe su, a filayen wasan wasu makarantun firamare, domin yara su samu inda za su ji muryar malaminsu idan an fita waje. Waɗannan ɗakunan suna rage ƙara ƙwarai, amma masu suka na cewa su kansu shaida ce ta irin halin da aka jefa yaran a ciki.

A fannin ɗumamar yanayi ma, maganar ta danganta ne da inda aka ja iyakar lissafi. A farkon shekarar 2020 Heathrow ya ba da sanarwar cewa ya daidaita hayaƙin da gine-ginensa da motocinsa ke fitarwa, ta hanyar sayen wutar lantarki daga kafofin da ake sabuntawa da kuma biyan kuɗin ayyukan kare muhalli a wasu wurare. To amma bisa ga alkaluman kamfanin da kansa, kimanin kashi 95 cikin 100 na hayaƙin da ke da nasaba da filin daga jiragen yake fitowa, kuma wannan kason bai shiga cikin sanarwar ba. Zirga-zirgar jiragen sama ce ke haddasa kimanin kashi 2.5 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, alhali kuwa mafi yawan al'ummar duniya ba su taɓa taka ƙafa cikin jirgi ba. Fatan da aka sa a gaba shi ne wani sabon nau'in man jirgi da ake tacewa daga tsohon man girki da sauran shara. Dokar Birtaniya ta wajabta gauraya kashi 2 cikin 100 na irin wannan mai daga shekarar 2025, zuwa kashi 10 a 2030, sa'annan kashi 22 a 2040. Sai dai man yana da tsada matuƙa, kuma wanda ake samarwa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da bukata.

Waɗanda suka fi shiga tsaka mai wuya su ne mazauna ƙauyukan Harmondsworth da Longford da Sipson da ke arewacin filin. Titin na uku zai ci gidaje fiye da 700, inda Longford zai shafe baki ɗaya, yayin da Harmondsworth, mai tsohon rumbun katako da aka gina tun wajejen shekarar 1426, zai yi asarar babban ɓangarensa. Kamfanin ya yi alkawarin biyan cikakken kuɗin gida tare da ƙarin kashi 25 cikin 100. Amma abin da ya fi ci wa mazauna tuwo a ƙwarya shi ne zaman rashin tabbas. Gwamnatin Gordon Brown ta amince da aikin a shekarar 2009, ta David Cameron ta soke shi a 2010, wani kwamiti ƙarƙashin jagorancin Howard Davies ya sake ba da shawarar yin sa a 2015, majalisar wakilai kuma ta amince da ƙuri'a 415 a kan 119 a 2018. A watan Fabrairun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ce shirin ya saɓa wa doka saboda ba a yi la'akari da yarjejeniyar yanayi ta birnin Paris ba, sai kuma kotun ƙoli ta warware wannan hukunci a watan Disambar shekarar. A tsakanin waɗannan shekaru iyalai da dama a Sipson sun sayar wa kamfanin gidajensu sun tashi, 'yan haya na ɗan lokaci suka maye gurbinsu, ƙauyen ya yi rauni tun ba a aza tubali ko ɗaya ba. Shirin da kamfanin ya gabatar a shekarar 2025 zai ci fam miliyan dubu 49, zai kuma ɗaga yawan sauka da tashi daga iyakar 480,000 da aka gindaya a 2001 zuwa fiye da 750,000 a shekara.

Akwai darasi a wasu ƙasashe. A jihar Kerala ta kudancin Indiya, filin jirgin Cochin ya zama na farko a duniya da ya dogara kacokan a kan hasken rana a shekarar 2015, da farantai kimanin 46,000, har ma ana noman kayan lambu a tsakaninsu, abin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo a 2018. Tun lokacin gina shi a shekarun 1990 iyalan da aka tasa sun samu filaye da guraben aiki ko izinin tuƙa tasi a filin, ta yadda suka ci gaba da cin moriyarsa. Amma ko a can, hasken ranar fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki yake kunnawa, jiragen kuwa suna nan suna ƙona mai. A ƙasar Holland gwamnati ta yi yunƙurin taɓa tushen matsalar a shekarar 2022, inda ta ƙudiri aniyar rage sauka da tashi a filin Schiphol na Amsterdam daga 500,000 zuwa 440,000, sai dai ta jingine shirin a ƙarshen 2023 sakamakon matsin lamba daga Amurka da hukumar Tarayyar Turai da kamfanonin jirage.

Manyan masu hannun jari a Heathrow sun haɗa da kamfanin Ardian na Faransa da asusun zuba jari na gwamnatocin Katar da Saudiyya, wato riba ƙetare take tafiya, ƙara da hayaƙi kuwa suna nan tare da maƙwabta. Hausawa dai kan ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da mazauna Harmondsworth da Hounslow ke nema shi ne a rubuta alkawuran da aka yi musu cikin doka, musamman hana jiragen dare na tsawon sa'o'i shida da rabi kamar yadda kwamitin Davies ya ba da shawara, domin ba su manta ba cewa a lokacin da ake neman izinin gina tashar fasinjoji ta biyar a shekarun 1990, mahukuntan filin sun tabbatar musu cewa ba za su nemi titi na uku ba.