Wane ginshiƙin shafin intanet ya fi sauri? A auna da mudu ɗaya

Galibin masu gina shafukan intanet suna ɗora aikinsu ne bisa wani ginshiƙin manhaja da aka riga aka kafa, irin su Ruby on Rails da ya fito a 2004, Django a 2005, ko Laravel a 2011. Masoyan kowanne kuwa cewa suke nasu ya fi. To, wa zai raba gardama?

A shekarar 2013 kamfanin TechEmpower na Amurka ya soma gwada su a bainar jama'a. Ƙa'idar ita ce: kwamfuta iri ɗaya, aiki iri ɗaya. Akwai gwajin aika ɗan gajeren rubutu, da na ɗauko bayani daga rumbun ajiya, da na sauya abin da ke cikinsa. Sai a ƙidaya buƙatu nawa kowanne ya amsa cikin daƙiƙa guda.

Sai dai gasa ba ta rasa masu wayo. Wasu kan sauke wa manhajarsu kaya, su cire abubuwan da shafi na gaske ba ya rabuwa da su, domin ta yi gudu. Shi ya sa kamfanin ya ware irin waɗannan daban.

Mu kuma lura: Rails da Django ba su saba zama kan gaba a jerin ba, amma bisa Rails aka gina GitHub, Instagram kuma bisa Django.

Saboda haka, kafin ƙungiyarmu ko gidan rediyonmu ya biya kuɗin gina shafi, mu tambayi mai aikin: da wane mudu aka auna, kuma hatsin irin namu ne?