Hausawa cikin wasan Age of Empires III: inda ya dace da inda ya kauce

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida za mu duba wani wasan kwamfuta mai suna Age of Empires III, wanda kamfanin Ensemble Studios ya ƙirƙira, Microsoft ta fitar da shi a 2005, aka kuma sabunta shi a 2020. Abin da ya jawo hankalinmu gare shi shi ne ƙarin da aka yi masa cikin watan Agusta na 2021, mai suna The African Royals, wanda ya shigar da al'ummu 2 na Afirka cikin waɗanda ake iya wasa da su: Habashawa da Hausawa. Ke nan akwai matasa a Turai, da Asiya, da Amurka waɗanda farkon jinsu da kalmar "Hausa" a nan ne. Saboda haka ya kamata mu san abin da ake gaya masu da sunanmu. Ra'ayinmu shi ne wasan ya yi ƙoƙari wajen abin da ido ke gani da abin da hannu ke sarrafawa, amma ya yi rauni wajen kalmomi, kuma ta kalmomin ne ya cakuɗa zamunna.

2. Yadda wasan yake

Ga wanda bai san irin wannan wasa ba, sai mu kwatanta shi da dara. Cikin dara, kowa yana jiran abokin karawarsa ya aje ɗansa kafin ya taɓa nasa. A nan babu jira: ɓangarorin duka suna aiki lokaci guda, wanda ya tsaya dogon tunani kuwa sai ya tarar an ƙone masa gari. Shi ya sa ake ce masa wasan dabarun yaƙi na nan-take. Mai wasa yana farawa da ɗan ƙauye da talakawa kaɗan, ya sa su neman abinci, da itace, da kuɗi; ya gina gidaje da sansani, ya tara rundunar da ba ta wuce iyakar da aka ƙayyade, ya bi ta zamunna 5 ɗaya bayan ɗaya, har ya rushe abokin gaba ko a rushe shi.

3. Inda ya dace

Ba a ɗauki tsarin Turawa aka naɗa masa rawani kawai ba. Al'ummun Afirka suna da wata dukiya ta huɗu da za mu iya fassarawa da "faɗa-a-ji". Ga Hausawa, ba a haƙo ta daga ƙasa, ba a saro ta daga daji. Ana samun ta ne ta hanyar shanu, da kasuwanci, da ilimi, da ita kuma ake ɗaukar sojan haya, a sayo makaman waje. Haka nan, in Bahaushe zai shiga sabon zamani, sai ya zaɓi wanda zai ƙulla ƙawance da shi, kamar Songai, ko Maroko, ko Akan, ko Yarbawa, kowane da irin amfanin da yake kawowa. Wannan tunani ya yi daidai da abin da masana tarihi suka nuna game da birane irin Kano da Katsina: ƙarfinsu yana ga matsayinsu tsakanin hanyoyin Sahara da hanyar goro ta Gwanja, yana kuma ga iya zama da maƙwabta. Ɗalibin da ya sha kashi sau biyu ko uku saboda ya sake an toshe masa hanyar fatauci ya fahimci wani abu da wuya a sa masa a ka da lacca.

Gine-ginen ma ba laifi: ginin ƙasa ne, da zanko, da rumbuna. Talakawa da sojoji kuma da Hausa suke amsa umurni. Sai dai Hausar ta tsaya ga kunne. Rubutun da ke kan allo da Ingilishi yake, ko Faransanci, ko wani babban harshe, babu na Hausa.

4. Sunaye da zamunna

A nan ne aikin mai nazarin harshe yake. Mu ɗauki sunaye 4 kamar yadda suke cikin wasan:

(1) Lifidi Knight
(2) Maigadi
(3) Griot
(4) Emir

Misali na (1) shi ne mafi kyau. Lifidi, ko lihidi kamar yadda ake faɗa a Gobir da Adar, tsohon aro ne daga Larabci libd, kuma shi ne kayan kariya na auduga da ake sa wa doki da mahayinsa. Wasan ya ba wannan barde jimiri da nauyi, kamar yadda aka san ƴan lifida. Rabin sunan na biyu ne kawai ya jawo hoton jarumin Turai mai sulken ƙarfe, alhali yawancin ƴan lifida bayin sarki ne ko barorinsa, ba masu ƙasa da kansu ba.

Misali na (2) ya fi ban mamaki. Cikin wasan, Maigadi zaɓaɓɓen soja ne mai bindiga, mai tsada ƙwarai. Ginin kalmar Hausa ne tsantsa, mai da gadi, amma gadi aro ne daga Ingilishi, bai kuma zauna cikin harshen ba sai da mulkin Ingilishi, waɗanda suka ci Kano a 1903. Ga kunnen Bahaushe na yau, maigadi shi ne dattijon da ke zaune bakin ƙofar ma'aikata da tocila da sanda. An ɗauki kalmar ƙarni na 20 an ba mayaƙin ƙarni na 18, alhali harshen yana da dogari ga mai tsaron sarki, yana da ɗan bindiga ga mai harbi. A ganinmu, irin wannan kuskure yana faruwa ne in an tashi daga ma'anar Ingilishi aka nemi abin da ya yi daidai da ita cikin ƙamus na zamani, maimakon a tashi daga kalmomin fada.

Misali na (3) ba Hausa ba ne sam. Griot kalmar Faransanci ce da matafiya suka fara rubutawa cikin ƙarni na 17 game da yankin Senegal, daga baya aka shimfiɗa ta bisa Afirka ta Yamma baki ɗaya. Mu da muka yi karatu da Faransanci mun san yadda take haɗiye bambance-bambance: maroƙi daban, makaɗi daban, mawaƙi daban, sanƙira daban, cikin makaɗa ma na fada ba ɗaya suke da na noma ko na maza ba.

Misali na (4) shi ne ya fi nauyi ta fuskar tarihi. Jagoran mai wasa a fagen fama Emir ne, wato amir na Larabci, laƙabin da ya dace da tsarin da aka kafa bayan jihadin 1804, lokacin da masu tuta suke ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Amma shugabar al'ummar cikin wasan ita ce Amina ta Zazzau, wadda Tarihin Kano ya sa zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, wasu masana kuma suka sa ta ƙarni na 16. Babban birninta a wasan kuwa Kano ne, maharbanta Fulani ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tushe, amma ba su taɓa haɗuwa cikin daula guda ba. Dalilin haka yana cikin ginin wasan kansa: yana bukatar kowace al'umma ta zama abu ɗaya, mai tuta ɗaya da shugaba ɗaya, daga farko har ƙarshe. Ƙasar Hausa kuwa birane ne masu gasa, waɗanda suka fi yaƙar juna bisa ga yaƙar baƙo.

5. Yaƙin 1804 da abin da ya biyo baya

Ƙarin na 2021 ya zo da wani fagen tarihi da aka raɗa wa suna "Faɗuwar Hausawa", wanda ya shafi yaƙin Shehu Usman ɗan Fodiyo da Gobir. Sunan yana da matsala biyu. Ta farko, akwai Hausawa da yawa cikin jama'ar Shehu, akwai kuma Fulani da suka tsaya tare da sarakuna, don haka ba ƙabila ce ta faɗi ba, gidajen sarauta ne. Ta biyu, gidajen ma ba su ƙare ba. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu, amma sarautar Gobir ta sake zama a Tsibiri, ta Katsina ta zauna a Maraɗi, ta Kabi a Argungu, ta Zazzau a Abuja ta dā, wadda ake kira Suleja yanzu. Maraɗi da Tsibiri sun yi ta kai hari kudu har ƙarshen ƙarni na 19. Damagaram kuwa ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, kuma zamanin Tanimun, wanda ya rasu a 1884, har igwa ake ƙerawa a Zinder. Wasan da ke ƙarewa da zarar an rushe fadar abokin gaba ba shi da hanyar nuna sarautar da ta yi ƙaura da tamburanta ta ci gaba.

Ko ƙa'idar faɗan ma ta saɓa da wannan yaƙi. Don a daidaita ƙarfi tsakanin masu wasa, an tsara cewa kowane irin soja yana da maganinsa: ƴan baka suna cin dakaru masu nauyi, dakaru masu nauyi suna cin barade, barade kuma suna cin ƴan baka. Tsari ne mai kyau ga wasa, shi ne ma ke hana mutum tara soja iri ɗaya. Amma a Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, ƴan bakan jama'ar Shehu, waɗanda dawakinsu kaɗan ne, su ne suka karya baraden Gobir. Abin da ya yanke hukunci a ranar, wato yanayin wurin da ƙudurin mayaƙa, ba ya cikin lissafin.

Akwai sauran giɓi da za mu ambata a taƙaice. Babu damina, babu rani, alhali yaƙi aikin rani ne, bayan an kai amfanin gona rumbu. Talakawan wasan duk iri ɗaya ne, babu ɗa babu bawa, don haka rinji da cinikin bayi, waɗanda da su ake sayen dawakin da wasan yake ƙawatawa, sun ɓace. An kuma ba Hausawa wani gini mai suna jami'a, wanda ya fi kusa da yadda ake ba da labarin Sankore ta Tumbutu bisa ga karatun zaure da aka sani a Katsina da Kano.

Ga malamin da ke son amfani da wasan cikin aji, muna ganin jerin sunayen ya fi fagen faman amfani. Ana iya ba ɗaliban shekara ta 3 sunayen sojoji da na gine-gine duka, a ce su rarrabe na gado da na aro, su faɗi harshen da kowane aro ya fito da zamanin da ya shigo, sa'an nan su kawo kalmar da wani bafade na Tsibiri ko na Zinder zai yi amfani da ita a madadinta.