Ina ruwan ƙazantarmu yake zuwa?

A unguwar Dar es Salam ta birnin Yamai, kamar sauran unguwanni, kowace safiya ana zubar da ruwan wanka da na wanke-wanke a bakin ƙofa. In salga ta cika, a kira mota ta kwashe. Daga nan sai mu manta da shi. Amma ruwan ƙazanta ba ya ɓacewa.

Akwai wani kwari da ya ratsa tsakiyar birni, sunansa Gunti Yena. Magudanan unguwanni da yawa a cikinsa suke zuba, shi kuma ya kai kayansa kogin Kwara, kusa da gadar Kennedy. Tashar Gudel, inda ake tace ruwan famfo, tana sama da wannan wuri. Amma mutanen Saga, da Libore, da Kollo suna ƙasa. A kogin nan suke wanka da wanki, a nan dabbobinsu suke sha. Abin ya fi muni a watannin Mayu da Yuni, lokacin da kogi ya janye, babu isasshen ruwan da zai tafi da dauɗar. Dattawa ba su manta da shekarar 1985 ba, da kogin ya daina gudu a Yamai.

Masu lambun bakin Gunti Yena kuwa da wannan ruwa suke ban-ruwa. Ni ba na ganin laifinsu: ruwa ne kyauta, ga shi da taki, salati yana yin kyau. Sai dai a cikinsa akwai ƙwan tsutsar ciki, da ƙwayoyin cutar gudawa, da na taifot. Salatin ya je kasuwa, ya komo cikin kwanonmu.

To, ina mafita? A Jami'ar Abdu Mumuni, a ƙetaren kogi, malamai sun gwada wata ƙaramar tashar tace ruwa. Ba ta bukatar manyan injuna. Tafkuna ne aka gina a jere, ruwa yana bi daga wannan zuwa wancan a hankali. Na farko yana da zurfi: a nan dauɗa mai nauyi da ƙwan tsutsa suke kwantawa ƙasa. Na gaba ba su da zurfi, don rana ta ratsa ruwan ta kashe ƙwayoyin cuta. Aikin yana cin kwanaki masu yawa. A bisa ruwan sun shuka wani ɗan mitsitsin tsiro, ɗan'uwan kainuwa, mai tsotse takin da ke ciki. Da tsiron nan suka ciyar da karfasa.

Irin wannan tasha ƙauye ma yana iya mallakarta, tun da fili da rana ba su yi mana ƙaranci ba. Wuyarta kulawa: in ba a yashe tafkin farko ba, ba a nome ciyawar baki ba, sai wari da sauro.

Kafin a samu tasha, mai lambu ya zuba ruwa a gindin shuka, kada ya watsa bisa ganye, kuma ya daina amfani da ruwan kwari ƴan kwanaki kafin ya tsinke. Uwargida ta wanke salati da ruwan famfo, ta jiƙa shi cikin ruwan da aka ɗiga wa jabel, sannan ta ɗauraye. Ma'aikacin asibitin unguwa zai faɗa mata yawan ɗigon da ya kamata.