Kuɗin Shara a Birnin Seul: Yadda Leda Ta Zama Rasit

Kwasar shara aiki ne mai cin kuɗi. Sai an sayi motoci, an zuba musu mai, an biya direbobi da leburori, sannan a nemi filin da za a zubar da ita ko wurin da za a ƙone ta. Duk wani magajin gari ya san wannan. Inda ake samun saɓani shi ne wajen rabon nauyin: wa zai biya, kuma da wane ma'auni za a auna abin da ya hau kan kowane gida ko kanti?

Birane sun bi hanyoyi dabam-dabam. A Faransa, garuruwa da yawa suna haɗa kuɗin shara da harajin gida, bisa wata doka da ta samo asali tun 1926. Ana duba darajar gidan ne, wato kuɗin hayar da aka ƙiyasta zai iya kawowa, a yanka wa mai shi abin da zai biya. A Maputo, babban birnin Mozambik, an ɗora kuɗin a kan takardar wutar lantarki, domin ba mai son a yanke masa wuta. A wasu wuraren kuma mai kura ko amalanke ne ke bi gida-gida, a biya shi a ƙarshen wata. Waɗannan hanyoyi suna kawo kuɗi, amma aibinsu ɗaya ne: wanda ya fitar da shara kwando guda da wanda ya fitar da kwando goma suna iya biyan abu ɗaya. Idan haka ne, me zai sa mutum ya wahalar da kansa wajen rage shararsa?

Wannan tambaya ce Koriya ta Kudu ta amsa a shekarar 1995, kuma a Seul, babban birnin ƙasar, aka fi ganin yadda amsar ta yi aiki.

Tsibirin da ya zama juji

A 1960 mutanen Seul ba su kai miliyan 3 ba. Kafin 1990 sun haura miliyan 10. Arziki ya ƙaru, saye-saye sun ƙaru, shara ma ta bi sahu. Daga 1978 zuwa 1993 kusan duk sharar birnin a wuri guda ake jibge ta, a wani tsibiri mai suna Nanjido da ke bakin kogin Han. Cikin shekara 15 jujin ya zama tsaunuka biyu, tsayin kowanne ya kusa mita 100. Da ya cika aka rufe shi, aka koma wani sabon fili a yankin Incheon da ke yamma da birnin, wanda aka buɗe a 1992. Daga baya an lulluɓe tsaunukan Nanjido da ƙasa, an dasa itatuwa, suka zama wurin shaƙatawa da aka buɗe a 2002, shekarar da Koriya da Japan suka karɓi baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya.

Koriya ƙasa ce ƙarama, mai duwatsu da cunkoson jama'a. Samun wani filin juji ba abu ne mai sauƙi ba, domin duk unguwar da aka nufa sai mutanenta su tashi tsaye su ce ba a ƙofarsu ba. A lokacin kuwa kuɗin shara ana yanka shi ne bisa girman gini ko harajin da ake biya a kansa, ba ruwansa da yawan abin da gida ya zubar. Hukuma ta ga cewa muddin ba a rage sharar tun daga cikin gida ba, sabon filin ma ƙarshensa irin na tsohon ne. An fara gwada sabon tsari a wasu yankuna a 1994, sannan a ranar 1 ga Janairu 1995 aka shimfiɗa shi a ƙasar baki ɗaya.

Yadda ake biya

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ba a kai wa kowa takardar neman kuɗi, ba kuma jami'in da ke ƙwanƙwasa ƙofa a ƙarshen wata. Abin da doka ta ce shi ne, motar shara ba za ta ɗauki komai ba sai abin da aka sa cikin ledar hukuma. Ledar kuwa sayenta ake yi a kantunan unguwa, kamar yadda ake sayen sabulu ko gishiri, kuma an riga an cusa kuɗin kwasa da na sufuri a cikin farashinta. Wato duk wanda ya sayi leda ya biya kuɗin shara ke nan, tun kafin ya zuba komai a ciki. Ledar ita ce mazubi, ita ce ma'auni, ita ce kuma rasit.

Ledojin girma-girma ne: akwai mai cin lita 5, da mai 10, da mai 20, da mai 50, har zuwa manya. Farashi yana bin girma. Birnin Seul ya kasu gundumomi 25, kowace da majalisarta, kuma gunduma ce ke buga tata ledar da sunanta a jiki, ita ce kuma ke ɗaukar kamfanonin da ke kwasa. Saboda haka asali ledar wata gunduma ba ta aiki a wata, tun da kuɗin aljihun wadda ta buga ta suke shiga. Da farko farashin ya bambanta daga gunduma zuwa gunduma. A 2017 aka daidaita ledar lita 20 a kan won 490, abin da ya yi kusan sefa 200, ko dala arba'in a lissafin kasuwa.

Sai dai sirrin tsarin ba a ledar kaɗai yake ba. Yana cikin abin da ba a sa wa kuɗi ba. Takarda da kwali da kwalba da gwangwani da roba, duk abin da za a iya sake sarrafawa, kyauta ake kwashe shi, da sharaɗin a ware shi dabam. Ke nan uwargida da ke riƙe da gwangwanin madara tana da zaɓi biyu: ta jefa shi cikin ledar da ta saya da kuɗinta ya cinye mata wuri, ko ta ɗauraye shi ta ajiye gefe a ɗauka ba ko sisi. Ba sai an yi mata wa'azi a kan muhalli ba. Lissafin cefane ya isa.

Kayan da ba sa shiga leda, irin su katifa ko kujera ko kabad, suna da tasu hanya. Mai kaya zai sanar da ofishin unguwa, ya biya kuɗin da aka yanka wa irin wannan kaya, a ba shi takarda ya manna a jiki, sannan ya fitar.

Masu sana'a

Ƙananan kantuna da ofisoshi da shagunan aski suna bin tsarin gidaje ne: su sayi leda, su cika, su ajiye a ƙofa da dare a ranakun da aka tsayar. Amma doka ta ja iyaka. Duk wurin sana'ar da ke fitar da sharar da ta kai kilo 300 a rana ya fita daga lissafin gunduma. Irin wannan wuri, ko babban kanti ne ko otal ko masana'anta, shi zai nemi kamfani mai lasisi, su yi yarjejeniya, ya biya kuɗin kwasa da na sarrafawa daga aljihunsa. Hikimar a fili take. Kamar yadda za a gani nan gaba, kuɗin leda ba ya biyan dukan abin da ake kashewa, sai an cika da kuɗin haraji. Da an bar manyan ƴan kasuwa su fake a cikin wannan rangwame, da talaka ne zai riƙa ɗaukar musu kaya.

Sauran abinci

Abincin Koriya yana da romo da ganye da ƙananan kwanuka barkatai da ake jerawa a gefen shinkafa, don haka abin da ke saura yana da yawa, kuma akasarinsa ruwa ne. Idan aka binne shi sai ya yi wari, ruwansa ya tsiyaye cikin ƙasa. A 2005 aka hana birane binne sauran abinci kai tsaye. A 2013, shekarar da aka hana zubar da ruwansa a teku, aka sa shi ma a riƙa biyan kuɗinsa gwargwadon yawa.

A nan an ƙara wata dabara. A manyan gidajen bene, inda ɗaruruwan iyalai ke zaune wuri guda, an kafa akwatunan ƙarfe masu sikeli a ciki. Kowane gida yana da katinsa. In ka kanga katin a jikin na'urar sai murfin ya buɗe, ka juye, ta auna, ta rubuta nauyin da sunan gidanka, a haɗa maka da kuɗin kula da gini a ƙarshen wata. Da yake nauyi ake biya, mutane suka koyi matse ruwa kafin su zubar, wasu ma har shanyawa suke yi. A unguwannin da babu na'urar, ana amfani da wata leda ta musamman ko bokiti mai takardar shaidar biya. Ƙananan gidajen abinci ma haka suke yi, manyan kuwa su ke kula da nasu ta hanyar kwangila.

Abin da aka tara ana mayar da shi abincin dabbobi ko taki ko iskar gas. Wannan ne ya haifar da wata ƙa'ida da baƙi ke yawan tuntuɓe a kanta: ƙashi da ɓawon ƙwai da ƙwallon ƴaƴan itace ba sa cikin sauran abinci. Hanyar da ake koya wa mutane su gane ita ce su tambayi kansu ko dabba za ta iya cin abin. In ba za ta iya ba, ledar shara ce wurinsa.

Abin da aka samu, da abin da ya biyo baya

Alƙaluman gwamnati sun nuna cewa a 1994 gidaje da ƙananan wuraren sana'a a faɗin ƙasar suna fitar da kimanin tan 58,000 na shara kowace rana. A 1995 adadin ya sauko zuwa kimanin tan 48,000, kayan da ake sake sarrafawa kuma suka ƙaru. Birnin Taipei na Taiwan, wanda a da yake haɗa kuɗin shara da takardar ruwan famfo, ya koma irin wannan tsari na leda a 2000.

Amma duk inda aka sa wa abu kuɗi, za a sami mai neman hanyar zillewa. Wasu suka riƙa cusa shara a ledar kanti su ajiye a lungu da tsakar dare. A ƙauyuka wasu suka koma ƙonawa. An ma kama masu buga ledar jabu. Hukuma ta mayar da martani da tara, wadda kan iya kaiwa won miliyan 1, da kyamarori a lunguna, da jami'an da ke kwance ledar da aka yar suna neman wasiƙa ko rasit mai adireshi. An kuma sa lada ga wanda ya kawo hoton mai zubar da shara ba bisa ƙa'ida ba, har wasu suka mayar da abin sana'a. Wannan ya rage ɓarna, ko da yake ba kowa ke jin daɗin zama da maƙwabcin da ke fakonsa da kyamara ba.

Kwandunan bakin titi ma abin ya shafe su. Mutane sun gano cewa kwandon titi kyauta ne, sai suka riƙa fito da sharar gida suna durawa a ciki. Hukumar birni ta kwashe da yawa daga cikinsu: daga sama da 7,000 a 1995 suka koma ƙasa da 4,000 a 2007. Mai tafiya a ƙasa ne ya ji a jikinsa, domin sai ya yi nisa riƙe da kofin da ya gama sha bai sami inda zai jefa ba. Koke-koke suka yi yawa, daga baya aka shiga mayar da su sannu a hankali.

Akwai kuma batun adalci. Leda farashinta ɗaya ga attajiri da talaka, alhali tsohon tsari, duk da aibinsa, mai babban gida ya fi biya. Don rage wannan gundumomi suna ba iyalan da ke karɓar tallafin gwamnati wasu ledoji kyauta. Su ma leburorin shara sun sami nasu rabon wahalar. Tun da girman leda ake biya ba nauyinta ba, masu shaguna suka riƙa danna shara cikin mai lita 100 har ta yi tozo, su ɗaure bakin da salatif. Ɗaga irin wannan kaya sau ɗaruruwa a dare guda ya jawo ciwon baya da na kafaɗa, shi ya sa wajajen 2020 gundumomi da yawa suka daina buga ta, suka tsaya a kan lita 75.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai nazarin kuɗin hukuma shi ne, ledar ba ta taɓa ɗaukar nauyin aikin gaba ɗaya ba. Idan aka duba ƙasar baki ɗaya, abin da ake samu daga sayar da ita bai kai rabin kuɗin kwasa da sufuri da sarrafawa ba. Sauran daga baitulmalin gunduma yake fitowa. Ƙara farashi kuwa abu ne da shugabannin gundumomi ke tsoro, domin zaɓensu ake yi, kuma leda abu ce da kowane mai ƙuri'a ke saye da hannunsa. Akwai kuma fargabar cewa in ta yi tsada, sharar lungu za ta dawo. Don haka farashin kan daɗe wuri guda alhali kuɗin mai da albashi suna hawa.

Wannan giɓi zai iya ƙara faɗi. A 2021 gwamnati ta tsayar da cewa daga 2026 ba za a ƙara binne sharar leda kai tsaye a yankin babban birnin ba, sai an ƙone ta ko an tace ta tukuna, a binne tokar da abin da ya rage. Seul tana da manyan wuraren ƙona shara guda 4, a Yangcheon da Nowon da Gangnam da Mapo, kuma ba su isa su cinye duk abin da birnin ke fitarwa ba. Da hukuma ta sanar a 2022 cewa za ta gina wani sabo a Mapo, gundumar da tsohon jujin Nanjido yake, mazauna wurin suka ƙi, suka kai ƙara kotu.