Ciwon da ke dushe muryar yara

Akwai wani ciwo da ba kasafai ake ganinsa ba, amma idan ya kama yaro sai ya wahalar da gida duka. Wasu 'yan tsiro ne ke fitowa cikin maƙogwaro, a kan jijiyoyin murya. Da farko muryar yaro ta dushe, kukansa ya yi rauni, daga baya numfashi ya riƙa yi masa wuya. Sau da yawa akan ɗauka asma ce, a yi ta sayen magani a kemis har abin ya yi nisa. Muryar yaro da ta dushe makonni, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya kamata ya duba ta.

Ƙwayar cutar HPV ce ke kawo shi, iri na 6 da na 11, kuma yawanci jariri kan ɗauke ta daga uwa wajen haihuwa. Likitoci kan yi aiki su cire tsiron, amma yakan sake fitowa, har a yi wa yaro aiki sau da dama a shekara guda. Saboda haka masu bincike suka gwada maganin bevacizumab, wanda ke hana tsiron samun jini, ya kuwa rage wa waɗansu yara yawan aikin.

Babban labarin dai rigakafi ne. Ostareliya ta fara yi wa 'yan mata allurar HPV a 2007, kuma tsakanin 2012 da 2016 yaran da ke kamuwa suka ragu ƙwarai. Nijeriya ta fara tata a Oktoban 2023, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, har da nan Legas.