Fela Sowande, Makaɗin da Ya Koya wa Ogan Yarbanci

 Yau daga Legas za mu tashi, mu haura Landan, mu yada zango a Amurka, muna bin sawun wani makaɗi ɗan Najeriya mai suna Fela Sowande. Kada a rikita shi da Fela Anikulapo Kuti. Wannan Felan ya girme shi da shekara 33, kuma sana'arsa kaɗa ogan ce a coci da manyan zaurukan kiɗa.

Kafin mu yi nisa, bari mu leƙa abin kiɗan kansa, don ba ƙaramin nan na lantarki da ake saɓawa a kafaɗa a kai gidan biki muke nufi ba. Ogan na coci gini ne sukutum. A cikinsa akwai bututu ɗaruruwa, a wasu manyan ma dubbai, na ƙarfe da na katako, wani bai wuce tsawon yatsa ba, wani ya fi mutum biyu tsawo. Iska ce ke sa su kuka. A da, mutum ake sa wa ya yi ta hura ta kamar mai zugazugi a maƙera, yanzu kuwa inji ke yi. Makaɗin yana zaune a benci, gabansa jeren madannai hawa biyu, uku, ko huɗu. A ƙarƙashinsa akwai wani jeren na katako wanda ƙafafu ke takawa, da diddige da kan yatsu, ba tare da ya duba ƙasa ba. Dama da hagu kuma ga maɓallai, ya ja wannan sauti ya yi laushi, ya ja wancan ginin ya ɗauki rugugi. Hannu biyu da ƙafa biyu kowanne na bin tasa hanya, ido kuma na kan mawaƙa.

(Kiɗan ogan na ɗan lokaci)

An haifi Sowande a 1905 a ƙasar Yarbawa. Mahaifinsa, Emmanuel Sowande, limamin ɗarikar Anglika ne da ya koyar a Kwalejin St. Andrew da ke Oyo, kuma mai sha'awar waƙoƙin ibada. Yaron ya yi karatu a makarantar CMS da King's College a Legas, amma makarantarsa ta gaskiya ita ce rukunin mawaƙan babban cocin Christ Church, ƙarƙashin Ekundayo Phillips, wanda ya riƙe ogan ɗin wannan coci daga 1914 har zuwa 1962.

Phillips ya damu da wata matsala da duk Bahaushe zai gane ta nan take, tunda Hausa ma harshe ne mai karin sauti. Turawan mishan sun fassara waƙoƙinsu zuwa Yarbanci, suka bar musu muryar da suka zo da ita daga Ingila. To, inda kalma ke son murya ta hau sai waƙar ta sauko, inda take son ta sauka sai waƙar ta hau. Ma'ana takan jirkice, masu ibada su riƙa rera abin da ba shi suke nufi ba. Maganin da Phillips da ire-irensa suka kawo shi ne a tsara waƙar daga bakin harshen, muryar ta bi hawa da saukar magana. Da wannan tarbiyya a kunnensa Sowande ya shiga jirgin ruwa a 1934.

Injiniyanci ya tafi karantawa a Landan, amma bai daɗe ba kiɗa ya janye shi. Abinci kuwa sai an nema, don haka ya faɗa kiɗan jaz a gidajen rawa. A 1936 shi ya kaɗa fiyano a shahararren kiɗan George Gershwin, Rhapsody in Blue, cikin wasan Blackbirds. Ya yi kiɗa da Fats Waller, ya raka mawaƙiya Adelaide Hall da ogan na lantarki samfurin Hammond, BBC ma ta riƙa sa shi a shirye-shiryenta. Dare na jaz, rana kuma yana gaban malamai irin su George Oldroyd da George Cunningham yana koyon ogan na gaske.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya ci jarrabawar babban matsayi ta Royal College of Organists, har da lambobin yabo. Jarrabawa ce mai zafi. Ban da kaɗa abin da ka shirya, za a miƙo maka takardar kiɗan da ba ka taɓa gani ba a ce ka kaɗa, a ce ka ɗaga muryarta ko ka saukar nan take, a kuma ba ka ɗan guntun kari a ce ka gina kiɗa a kansa daga kanka. Ba don wahalarwa aka sa waɗannan ba. Su ne ainihin abin da ke samun makaɗin coci ranar Lahadi.

Daga 1945 zuwa 1952 Sowande ne makaɗin ogan kuma shugaban mawaƙa a Kingsway Hall, cibiyar mishan ɗin ɗarikar Metodis ta yammacin Landan, a zamanin da fitaccen mai wa'azi Donald Soper ke jagorantar wurin. Zauren ya yi suna wajen daɗin amo, har kamfanonin faifai irin su Decca da EMI suka mai da shi wurin ɗaukar kiɗa.

A ganina, a waɗannan shekaru bakwai ne aka yi Sowande, ba a dandalin da ake tafa masa ba. Aikin shugaban kiɗan coci ba ya da ƙyalli. Shi zai zauna da limami a zaɓi waƙoƙin da suka dace da wa'azin mako. Shi zai tara mawaƙa da yamma, mutanen da suka wuni wajen aiki suka zo a gajiye, ya yi ta maimaita musu layi guda har masu siririyar murya da masu kauri su daidaita. Ranar ibada, in jama'a sun fara jan waƙa, shi zai ja su gaba da sautin ƙafa ba tare da sun lura ba. In taro bai gama zama ba, ko karɓar baiko ta yi tsawo, ba a barin wurin shiru, dole ya ƙirƙiro kiɗa a take har a gama. Ga ɗaurin aure, ga jana'iza, mako bayan mako. Mutumin da ke da ogan a hannunsa kullum, da masu sauraro da ba sa fashi, ya samu wurin gwaji da kuɗi ba sa saye.

Sowande kuwa ya yi gwajin. Ya ɗauko karin waƙoƙin Yarbawa da ya taso da su ya zuba su cikin tsarin da Turai ta gada daga su Bach, inda murya ɗaya ke farawa, wata ta biyo ta, ta uku ta shigo daga ƙasa. Haka aka samu Yoruba Lament, da Jesu Olugbala, da Kyrie, da Obangiji, da Oyigiyigi. 'Yan Afirka ta Yamma da ke zaune a Landan bayan yaƙi sukan ji karin gida na fitowa daga bututun Bature. Ba kowa ya gamsu ba, har yau ma akwai masu ganin rigar Turai ta yi wa waƙoƙin nauyi, ta danne kiɗan ganga da ke ƙarƙashinsu. Maganar na da ƙamshin gaskiya. Sai dai wanda ya saurari Oyigiyigi da kyau zai ji karin bai ɓace ba, yana nan yana yawo daga hannu zuwa ƙafa.

(Kiɗan ogan)

Aikinsa da ya fi yaɗuwa ma ba na ogan ba ne. African Suite ne, na kayan kiɗa masu tsirkiya, wanda a ciki ya ari kari daga Ephraim Amu na Ghana. Kashinsa na ƙarshe, Akinla, ya daɗe yana buɗe wani shirin rediyon CBC a Kanada.

A 1953 ya dawo gida ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Najeriya, inda ya ba da ƙarfi wajen ɗauka da adana kiɗan gargajiya. Ya tsara Folk Symphony don bikin samun 'yancin kai na 1960, ya kuma yi bincike a Jami'ar Ibadan. Ya zagaya biranen Amurka yana kaɗa ogan, daga bisani ya koma can da zama a 1968, ya koyar a Jami'ar Howard, da ta Pittsburgh, da ta Kent State. Ya rasu ranar 13 ga Maris 1987 a jihar Ohio, yana da shekara 81, a can kuma aka binne shi.