Me ke sa hoton shinge ya ja hankali?

Shinge abu ne da mutum kan wuce kullum ba tare da ya waiwaye shi ba. Amma duk da haka, wasu daga cikin hotunan da suka yi fice a tarihin sana'ar ɗaukar hoto, na shinge ne.

A shekarar 1916, wani matashi Ba'amurke mai suna Paul Strand ya tsaya a ƙauyen Port Kent da ke bakin tafkin Champlain, a arewacin jihar New York, ya ɗauki hoton wani farin shingen katako. Babu mutum a cikin hoton, babu dabba. Fararen katakai ne a jere sun tare gaban hoton, a bayansu fili mai duhu, can sama kuma gine-ginen ƙauye.

A wancan zamanin, masu ɗaukar hoto da dama kan sa hotunansu su yi dishi-dishi da gangan, domin su yi kama da zanen hannu. Shi kuwa Strand sai ya fito da komai tangaran. A shekarar 1917 Alfred Stieglitz ya buga hoton a mujallarsa ta Camera Work, kuma har yanzu ana lissafa shi cikin ayyukan da suka sauya alkiblar wannan sana'a. Shi ne dai Strand ɗin da ya je Ghana a shekarar 1963 bisa gayyatar shugaba Kwame Nkrumah, ya ɗauki hotunan ƙasar da jama'arta.

Jagoran ido

Abu na farko da shinge ke yi a hoto shi ne nuna wa ido inda zai bi. Fili fetal yana da daɗin kallo ga wanda ke tsaye a cikinsa, amma da zarar an mayar da shi kan takarda sai ya zama shimfiɗa kawai, ido ya rasa inda zai sauka.

Idan shingen ya taso daga kusa ya miƙa zuwa nesa, turakunsa kan riƙa ƙanƙancewa suna matsar juna, ta haka mai kallo ke gane zurfin wurin da nisansa. Idan kuwa ya gitta hoton daga gefe zuwa gefe, kamar yadda Strand ya yi, to sai ya raba shi gida biyu: nan kusa da can nesa.

Sai kuma maimaici. Ido na son abin da ke jere, amma yakan gaji idan jerin ya cika daidaito. Turke guda da ya karkace, ko gurbin wanda ya faɗi, shi ne ke tsayar da kallo. Wannan ne ya sa tsohuwar dangar kara kan fi sabuwar katangar bulo armashi a hoto.

Haske ma na da nasa rabon. Da hantsi ko da la'asar sakaliya, rana kan bugi shinge ta gefe, ta fito da kaushin itacen, ta kuma shimfiɗa inuwarsa a ƙasa tamkar shinge na biyu. Da tsakar rana kuwa inuwar kan taƙaita, hoton ya yi lami.

Shingen da ya kwana 14

Misali mafi girma na yadda layi guda ke bayyana surar ƙasa ya faru ne a jihar Kalifoniya a watan Satumbar 1976. Wasu masu fasaha biyu, Christo da matarsa Jeanne-Claude, sun kafa shingen farin yadi mai tsawon kusan kilomita 40, tsayinsa kuma mita biyar da rabi. Ya ratsa gonaki da tuddai har ya faɗa cikin tekun Pasifik.

Bayan kwana 14 aka kwance shi. Abin da ya saura shi ne hotuna da fim, kuma a cikinsu ana ganin hawa da gangaren tuddan da a da ba a lura da su sosai.

Wa ke ciki, wa ke waje?

Sai dai kuma shinge ba layi ba ne kawai. Wani ne ya kafa shi, domin ya tsare wani abu ko ya hana wani shiga, kuma mai kallo na jin haka ko da ba a gaya masa ba.

A shekarar 1942, bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, gwamnatin Amurka ta tsare mutane kimanin 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni, akasarinsu kuwa 'yan ƙasa ne. Ɗaya daga cikin sansanonin shi ne Manzanar a Kalifoniya. Lokacin da shahararren mai ɗaukar hoton nan Ansel Adams ya je can a 1943, hukumomi ba su yarda a ɗauki hoton waya mai ƙaya da hasumiyoyin masu gadi ba. Hotunansa sun nuna gonaki, da fuskokin mutane, da duwatsun Sierra Nevada.

Amma akwai wani mai ɗaukar hoto daga birnin Los Angeles, Toyo Miyatake, wanda shi kansa a tsare yake a sansanin. Ya shigo da gilashin kyamara a ɓoye, aka harhaɗa masa akwatinta da katako. Daga cikin hotunansa da aka fi tunawa akwai na wasu yara maza uku a jikin waya mai ƙaya, hasumiyar masu gadi na tsaye daga nesa.

Wuri ɗaya ne, duwatsun ma su ne, amma shigar wayar cikin hoto ta sauya labarin baki ɗaya.

Saboda haka, kafin mai ɗaukar hoto ya danna kyamara, akwai tambayar da ta fi ta haske da ta jeri muhimmanci, wato a wane ɓangaren shingen yake tsaye. Duk inda ya tsaya, nan zai tsayar da wanda zai kalli hoton.